Furoksin da Na Sa wa Talabijin Inna

Ranar da na shigo da talabijin ɗin nan gidana a Kaura Namoda, sai da aka cire ƙyauren zaure. To, ba a cire ba, amma an yi shawarar cirewa, kuma ni a wurina duk ɗaya ne. Faɗinsa ya isa a shimfiɗa shi ƙasa mutum huɗu su yi sallah a kai, liman na gaba. Irin mai shiga intanet da kansa ne, wanda ake ce wa simat. Babu ruwansa da faranti a kan rufi, waifai kawai yake sha kamar yadda nake shan fura. Don ƙwallo na saye shi. Matata kuwa ce mata na yi don ilimin yara ne, ta dube ni irin kallon da ake yi wa mai sayar da maganin ƙarfi a tasha, ta ce Allah ya sa albarka.

Ban kalli wasa uku a kai ba Inna ta ƙwace shi.

Inna mahaifiyata ce. Daga wani ƙauye da ke gefen Kurya Madaro na ɗauko ta, bayan 'yan bindiga sun shiga garin karo na biyu. Na farko ta ƙi tashi, ta ce ita da ta haƙa rijiyar gidan nan da kuɗin ƙuli-ƙulinta ba za ta bar ta ga ɓarayi ba. Na biyu suka tafi da awakinta har da ɗan bunsurun da take wa magana kamar mutum. Sai ta ɗaure kayanta a zane ɗaya ta hau bayan babur, ba ta waiwaya ba. Watannin farko a gidana zaune kawai take. Ta ce birni gidan yari ne mai famfo. Ba gona, ba tsintar kuka, ba maƙwabciyar da za a yi faɗa da ita a kan kaza. Sai ranar da matata ta kunna mata tafsiri a talabijin, ta ga malami ya cika bango, gemunsa kaɗai ya kai faifai. Daga nan aka gama. Ta sa wa talabijin ɗin suna allo. Cikin sati biyu ta haddace maɓallai biyar a rimot, tana danna su kamar tana jan carbi: gida, ƙasa, ƙasa, dama, tsakiya. Ni da na sayi abin sai na roƙa, kuma sau da yawa a ce in jira malam ya shafa fatiha.

Mu biyu ne maza a wurinta, ni da Yaya. Yaya malamin makaranta ne a Zurmi, dogo, mai magana a hankali, wanda in ya yi dariya sau ɗaya a shekara sai mu ce bana an yi albarka. Shi ne ɗan farinta, kuma Inna irin mutanen da ne masu riƙe kunyar ɗan fari har kabari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba. Kakarmu ce ta raine shi, a cikin gidanmu. In ya zo gaishe ta, zai durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta karkatar da fuska ta amsa wa bango. In za ta aika masa daddawa sai ta ce min, “Ba mutanen Zurmi.” In ya yi rashin lafiya ba ta tambaya, sai dai ka ga ta ƙara raka'a. Ni auta ne, don haka duk maganar da ba ta yi wa Yaya ba shekara hamsin da ɗoriya, a kaina take juye ta, yawancinta zagi. Kowace Juma'a bayan an sauko yakan kira wayata, in sa ta a fili, ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida. Inna na gefe tana tsince wake kamar ba ta ji. In ya ce a gaida Inna, sai ta ce wa waken, “Muna amsawa.”

Cikin damina ne abin ya faru, lokacin da gero ya wuce tsawon mutum, lokacin da kowa a ƙasarmu ya san hanya ta fi muni domin gona ta zama wurin ɓuya. Yaya ya tafi Shinkafi ta'aziyyar wani abokin aikinsa. A dawowa aka tare motarsu. Direban ya tsira ta cikin gero da ƙaya a ƙafa, shi ya kawo labari. Ina ofis, da hantsi, ina tsakiyar ba abokan aiki labarin wani ƙato da na taɓa kayarwa a kokawa, wanda ban taɓa kayarwa ba, wayar matar Yaya ta shigo. Ban ƙarasa labarin ba. Har yau mutanen ofis ba su san yadda ƙaton ya faɗi ba.

Muka jira a kira mu. Haka ake yi: su tafi da mutum, bayan kwana ɗaya ko biyu waya ta yi ƙara. Kwana ɗaya, biyu, uku, shiru. Wannan shirun ya fi kiran muni, domin wanda aka kira a kansa aƙalla an san yana numfashi.

Inna na da hawan jini. Likita ya taɓa ja min kunne cewa a kiyaye ta da labarin tashin hankali. Na zaunar da matata a kicin na ce kada kowa ya faɗa mata. Matata ta ce, “Malam, uwa ce fa.” Na ce na sani, ai ni ta haifa. Sannan na faɗi maganar da har yanzu in na tuna nake jin kunyarta. Na ce, “Ai abin ya zo da sauƙi. Ba za ta tambaya ba. Shekara hamsin ba ta tambaye shi ba, yanzu za ta fara?” Matata ta ci gaba da yanka kuɓewa.

Na tsare ƙofofi. Matan unguwa da suka zo jaje, a zaure nake tare su, in karɓi addu'a in sallame su. Rediyo na ce batir ya mutu. Na ƙara yawan barkwanci a gida har yara suka fara gudu na. Abu ɗaya na manta, kuma shi ne mafi girma a ɗakin.

Manhajar bidiyon da Inna ke kallon tafsiri a ciki tana da wata ɗabi'a: in wannan ya ƙare ba ta jira a ce mata komai, sai ta jawo wani. Daga tafsiri ta tafi wa'azi, daga wa'azi ta tafi labarai, daga labarai ta gangara inda Allah kaɗai ya sani. Rana ta huɗu na dawo cin abincin azahar na tarar da Inna a tsaye, hancinta ya kusa taɓa gilashi. A allon, wasu mutane ne zaune a ƙasa ƙarƙashin itace, ba takalma, wasu masu rawani da bindigogi tsaye a kansu, ɗaya na magana yana nuna su da baki. Irin bidiyon da mutanen daji ke ɗauka su watsa ne. Ban san lokacin da na isa bango na zare wayar wutar talabijin ɗin ba.

“Mi ya faru?” in ji Inna.

“Sola ce, Inna. Hadari ya hana ta caji.”

Ta ɗaga kai ta kalli fankar da ke juyawa a saman kanmu. Ta kalle ni. Ta koma tabarmarta.

Da la'asar na tafi wurin taubashina, ɗan kawuna, wanda ke kula da kwamfutocin ofishinmu. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, kuma tun ranar yake cewa ni na fi kuka. Shi ne mugun da ya toshe mana kallon ƙwallo a kwamfutar aiki. Na ce masa yau muguntarsa za ta yi rana.

“Bawana,” in ji shi, “yau kuma wace ƙarya ka taho da ita?”

Da na faɗa masa sai ya daina dariya, abin da ba kasafai yake yi a gabana ba. Ya ce abin da ya sa mana a ofis sunansa furoksi. Na ce ya yi min Hausa.

“Ɗan aike ne,” in ji shi. “Yanzu talabijin ɗinka da ƙafarsa yake zuwa kasuwa ya sayo abin da ya ga dama. In an sa furoksi, ba ya fita. Sai ya faɗa wa ɗan aike, ɗan aike ya duba takardar da munka ba shi. In wurin na cikin takarda, ya je ya kawo. In ba ya ciki, ya ce an rufe.”

“To rubuta masa: tafsiri ya wuce, 'yan bindiga su tsaya.”

“Nan ne gizo ke saƙa. Ɗan aiken ga ƙofar gida kawai yake gani, ba ya ganin abin da ke cikin ɗaki. Tafsirin da bidiyon daji duk gida ɗaya suke haya. Ko ka rufe gidan duka, ko ka bar shi duka.”

Na ce a rufe duka. Ya ce to mi tsohuwa za ta kalla. Muka yi shawara muka bar mata wurare biyu: wata manhaja da ke nuna Ka'aba kai tsaye dare da rana, da wata ta karatun Alƙur'ani zalla. Na ce wanda ke da Ka'aba a ɗakinsa me kuma yake nema. Na ji daɗin maganar har na maimaita ta.

Ranar Asabar da safe matata ta ja Inna zuwa barkar haihuwa a maƙwabta, mu kuma muka shiga aiki kamar ɓarayi. Taubashina ya zo da wata tsohuwar laftof da ba ta da harafi uku a jikinta, ya ce ita ce za ta zama ɗan aiken. Ya haɗa ta da waifai ɗin gida, ya rubuta mata takardarta. Sannan ya ce in shiga saitin talabijin, wajen intanet, can ƙasan sunan waifai ɗinmu, inda ban taɓa leƙawa ba. Ya ce in gode Allah nawa na da wurin, don wasu talabijin ba su da shi sam. Wurin yana tambaya: furoksi, babu ko da hannu? Na zaɓi da hannu. Ya karanto min adireshin laftof ɗin, lambobi da ɗigo-ɗigo a tsakani, da wata lamba ta ƙofa. Wanda bai taɓa rubuta lamba da rimot ba bai san wahala ba. Ka yi dama sau bakwai, ka yi ƙasa, ka danna, ka ga ashe takwas ka sa. Na yi gumin da za a iya jiƙa gero da shi. Sau uku ina ɓatawa, taubashina na cewa ko akuyar da ya bari a gida ta fi ni hannu.

Daga ƙarshe ya shiga. Muka gwada Ka'aba, ta fito, farare na zagayawa. Muka gwada manhajar bidiyo, wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa, sannan ta ce babu hanya. Muka ɓoye laftof ɗin a ɗakin ajiya bayan buhunan dawa, da gargaɗin kada ta mutu, domin in ta mutu talabijin ma ya zama bango. Na raka taubashina ƙofa ina jin kaina kamar wanda ya gina ganuwa shi kaɗai.

Inna ta dawo, ta zauna, ta ɗauki rimot. Gida, ƙasa, ƙasa, dama, tsakiya. Da'ira ta juya. Ta sake. Ta sake.

“Kai, allon ga ya makance.”

“Kamfanin ne, Inna. Sun ce daga yau Makka kawai za su riƙa nunawa. Sun tuba.”

“Awo,” in ji ta. “Kowa na tuba ban da kai.”

Na kunna mata Ka'aba. Ta kalla, ta yi salati.

Kwana goma muka yi a haka. Har yanzu babu kira daga daji. Kullum da safe sai in yi waya da matar Yaya, da direban, da wani mutumin Galadi da aka ce ya san wanda ya san wani. Kowa na cewa a yi haƙuri. Ni kaina bidiyon nan na wayata, ana turo su cikin zaurukan sada zumunta, amma da na buɗe biyu na ga abin da na gani, sai na daina. Ni mutum ne mai cika baki cewa na taɓa kama kura da hannu, amma yatsana ya ƙi taɓa gilashin waya. Ina tsoron in gan shi, ina tsoron in rasa shi a ciki. Sai in share in ce data ce ta ƙare.

Inna kuwa sai ta fara raguwa a gaban idona. Tuwon da take cinye malmala guda ta nemi ƙari, yanzu sai ta gutsuri gefe ta ture. Zagina ma ta rage, wanda shi ya fi tayar min da hankali. Na shigo da hula a karkace, na wuce ta gabanta sau biyu, ba ta ce min ɗan iska ba. Juma'a ta zo, aka sauko daga masallaci, ta ɗauko farantin wake ta zauna inda ta saba zama. Wayata na aljihu, shiru. Na ce, “Yau sabis babu kyau ko'ina, an ce har Gusau.” Ta tsince waken nan har ya ƙare, ta zuba shi ta sake tsincewa daga farko.

Ranar Litinin matata ta kai ta asibiti aka auna jininta. Ma'aikaciyar ta auna sau biyu, ta tambaya ko akwai abin da ke damun tsohuwa. Ya hau fiye da yadda ya taɓa hawa. Ni da na rufe duniya don kada ya hau.

Na zaci ɗan aikena ne ke ha'inci, wata ƙofa ta rage a buɗe Inna na ganin wani abu in na fita. Na kira taubashina ya zo da hantsi, muka shiga ɗakin ajiya, muka jawo laftof ɗin, ta yi zafi kamar kaskon waina. Ya ce a duba, ai ɗan aiken yana rubuta duk abin da aka aike shi, wanda ya je da wanda ya ƙi, har da lokaci. Ya buɗe wani shafi mai baƙin fuska da fararen layuka. Ya yi ta gangarawa. Layukan ba su ƙarewa.

“Babu abin da ya wuce,” in ji shi. “Duk an hana. Amma dubi nan.”

Ni ban iya karanta irin rubutun ba, sai ya bi da yatsa yana fassara min. Talabijin ya nemi manhajar bidiyo, an hana. Bayan minti biyu ya sake nema, an hana. Ya sake. Daga lokacin da nake fita ofis har lokacin da babur ɗina ke shigowa layi. A tsaya daidai azahar, tsawon alwala da raka'a huɗu, a ci gaba. A tsaya la'asar, a ci gaba. Jiya haka, shekaranjiya haka, tun ranar Asabar ɗin da muka sa abin.

“Ko talabijin ɗin ne ke yi da kansa?” na tambaya.

“Wasu kam da kansa yake yi. Amma talabijin ba ya tashi sallah, bawana.”

Matata na tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ban san tun yaushe ba. Ta ce, “Yini take yi tana dannawa. In ta ji babur ɗinka sai ta mayar Makka.”

“Kin faɗa mata?”

“Ni? Wallahi ban faɗa ba. Kai ka faɗa mata, ranar farko. Ka shigo kana dariya babu abin dariya, ka zuba gishiri a koko. Ta bi ka da ido har ka fita, sannan ta shiga ɗaki ta shimfiɗa darduma. Malam, matar da ta san akuyarta za ta yi ciwo tun kafin akuyar ta sani, ita za ka ɓoye wa ɗa?”

“To mi ya hana ta tambaya?”

Da na ji tambayar ta fito daga bakina sai na ji nauyinta. Wa za ta tambaya, kuma da wane baki? Ta ce ina wane? Sunan da ba ta kira ba ranar sunansa, ba ta kira ba ranar aurensa? Ni na ɗauki kunyarta na yi katanga da ita, ina murna ta sauƙaƙa min aiki. Ita kuwa ta samu wuri ɗaya tak a duniya da za ta nemi ɗanta ba tare da ta buɗe baki ba, wurin da ba zai ce mata “au, Inna, yau ke ce ke cigiyar ɗan fari” ba. Maɓalli biyar. Na zo da lambobina da ɗigo-ɗigo na toshe shi, na ce ta kalli Ka'aba.

Taubashina ya rufe laftof ɗin a hankali. Ya ce shi zai koma ofis. A bakin zaure ya tsaya ya ce, “In ka cire, abin da za ta gani ba shi da kyau. Ka sani ko?” Na ce na sani. Ya ce, “Ka zauna da ita. Kada ka gudu kamar ranar kaciya.”

Na same ta a tabarma, rimot a cinya, farare na zagaya Ka'aba. Na durƙusa. Na shirya magana tun daga ɗakin ajiya, mai ayoyi da karin magana, amma da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, “Inna, mutanen Zurmi…”

Ta ɗaga hannu. “Na tambaye ka?”

“A'a.”

“To riƙe abinka.” Ta miƙo min rimot ba ta kalle ni ba. “Buɗe min allon ga. Akwai waɗanda nika son gani.”

“Su wa, Inna?”

“Ɗiyan mutane.”

Na shiga saiti, wajen intanet, ƙasan sunan waifai. Aikin da ya ci mana rabin safiya, dannawa ɗaya ya warware shi: furoksi, babu. Manhajar ta buɗe kamar ba ta taɓa rufewa ba. Na rubuta abin da za a nema da hannuna, harafi bayan harafi.

Na ɗauki hutu a ofis. Kwana huɗu muna zaune ni da ita, daga hantsi zuwa la'asar, yara an kora su maƙwabta, matata na leƙowa da maganin jini da ruwa. Ba zan rubuta abin da muka gani ba. Akwai tsofaffin bidiyo da aka sake ɗorawa kamar sababbi, akwai na wasu ƙasashe da aka laƙa wa sunan garuruwanmu, akwai masu zama a ɗaki suna ihu a kan abin da ba su gani ba. Akwai kuma na gaske. A waɗannan, faɗin talabijin ɗin da nake alfahari da shi ya zama azaba, domin fuskar kowane mutum ta kai girman tire, kana ganin busasshen leɓensa. Ni nakan sunkuyar da kai. Inna ba ta sunkuyarwa. Takan bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, ta ce wa kowanne, “Allah ya fid da kai,” sannan ta ce min, “Wuce.” Na yi ta satar kallonta ina jiran ta faɗi. Ba ta faɗi ba. A rana ta biyu ma ta cinye tuwonta, ta ce miyar ba gishiri, ta ce ni kuma in gyara zama na tsare mata haske da wannan kan nawa kamar tulu.

Rana ta huɗu, bayan azahar, muka buɗe wani gajere, bai kai minti biyu ba, wanda aka ɗora kwana biyu kafin nan. Mai ɗaukar yana tafiya, hoton na girgiza. Maza ne zaune a gindin wani dutse, an sa wasu suna sussukar dawa. Babu wanda ya kalli mai ɗauka. Na riga na ɗaga rimot zan wuce.

“Tsaya.”

Na tsayar.

“Koma baya kaɗan. Kaɗan na ce, ɗan nema. Nan.”

A gefen hagu, can baya, wani mutum ne ya juya baya, ba hula, riga ta yi ƙasa-ƙasa. Rabin kafaɗa da ƙeya kawai ake gani. Ni da muka kwana ɗaki ɗaya da Yaya shekara goma sha biyar ban ga komai ba sai ƙeya irin ta kowa.

Inna ta tashi ta je gaban allon. Ba ta taɓa shi ba. Ta ce, kamar tana magana da dutsen, “Wancan na hagu. Ƙafar dama yaka miƙewa in ya zauna, tun da ya faɗo daga kan jaki shina ƙarami. Kuma ga tabon ƙurji bayan kunne.”

Na matsa har numfashina ya yi hazo a gilashi. Akwai wani ɗan duhu bayan kunnen, wanda zai iya zama tabo, zai iya zama datti. Amma ƙafar a miƙe take, kuma da na sake sakin bidiyon na daƙiƙa biyu, mutumin ya ɗaga hannu ya sosa wuya a hankali, a hankalin nan nasa mai sa mutum ya ji kamar ya taya shi. Na zauna a ƙasa na yi kukan da taubashina ya daɗe yana min sharrinsa.

“Tashi ka kira matarsa,” in ji Inna. “Ka kira na Galadi ka nuna masa dutsen ga, wataƙila sun san shi. Kuka ba ya sussuka.”

Na tashi. Na miƙa hannu zan fita daga bidiyon don in tura shi a waya, ta ce in bar shi yadda yake, in nemo nawa a wayata. Na bar hoton a tsaye: dutse, dawa, ƙeya.

Ta koma tabarmarta, ta ja ta gefe kaɗan, ta zauna ta karkatar da fuska wajen bango, allon na gefen kafaɗarta. Daga tsakar gida, ina waya, ina hango ta ta taga. Talabijin ɗin in an bar shi a tsaye na 'yan mintuna sai ya dusashe don ya huta. Duk lokacin da hasken ya fara raguwa, ba tare da ta juyo ba, sai ta lalubi rimot ta danna maɓalli ɗaya ya dawo. Haka ta yi har aka kira la'asar.